Babi na Shida: Cokali, Ƙusa da Idon Mai Kallo

Wanda ya tashi a ƙasar Wurno ko Rabah ko Goronyo ba sai Bature ya gaya masa cewa ƙarfe kan tanƙware a hannun mutum ba. Ya gani ranar sallah ko ranar naɗin sarauta, sa'ad da makaɗi ya saki kiɗan tauri, wani ƙato ya yi kururuwa ya faɗo fili, ya zare wuƙa ya yi ta gurzawa a wuya da ciki, can ya ɗaga ta sama a lanƙwashe, mata na guɗa. Ya ga maƙera in an buga musu dundufa suna wasa da jan ƙarfe a tafin hannu. Dattawa har gobe in aka ambaci Kassu Zurmi, makaɗin 'yan tauri da mafarauta, sai ka ga sun gyara zama. Ƙarfe a wurinmu abin tsoro ne, kuma wanda ya nuna ya fi ƙarfinsa ya sami suna.

Abin da ya zo sabo shi ne yaro ɗan shekara 15 ya zauna a shagon cajin waya a Achida ko Gandi, ya ba da kuɗi kaɗan a tura masa bidiyo a memori, ya koma gida yana kallon wani mutum a Amurka ko Indiya yana nuna yadda ake narkar da wuyan cokali da shafar yatsa biyu, dalla-dalla, a maimaita masa a hankali. Ba ya jin Turancin, ba ya ma buƙatar ji, hannu yake kallo. Irin waɗannan bidiyoyi ba sa jiran sabis. A watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga, har da Rabah da Goronyo, abin da ke cikin wayar wani bai fasa shiga wayar wani ta Xender ba. Sirrin da a da sai mutum ya yi wa maigida bauta shekara da shekaru kafin a buɗe masa gefensa, yanzu yana yawo a aljihun yara.

Ni ina ganin alheri a cikin wannan, kuma zan faɗi dalilina. Amma sai mun fara da abin da bidiyon ke koyarwa.

Dabarar farko, wadda kusan kowa ke farawa da ita, gajiyar da ƙarfe ce. Duk wanda ya taɓa karya waya da hannu ya san ta: ka lanƙwasa nan, ka mayar can, ka yi ta yi, wurin ya ɗauki zafi, ya yi tauri, sannan ya tsage. Haka ake yi wa cokali a ɓoye kafin a fito. Ana lanƙwasa wuyansa gaba da baya har ya rage saura ƙiris ya rabu, sai a miƙe shi a mayar cikin 'yan uwansa. A gaban jama'a mai wasa zai riƙe daidai wurin tsagar tsakanin babban yatsa da manuni, yana murzawa, yana ɗan girgiza shi. Kan cokalin zai fara lilo, mai kallo ya rantse ƙarfen ya yi laushi, daga nan kan ya faɗi ƙasa.

Ta biyu ta fi wuya, ita ce kuma ke raba gwani da ɗan koyo. Cokalin lafiyayye ne, an ma ba mutane sun duba. Mai wasa zai lanƙwasa shi da ƙarfin hannu cikin ƙiftawar ido, a lokacin da babu wanda ke tsammanin an fara: yana tambayar wani sunansa, ko yana matsawa daga wannan gefe zuwa wancan, ko an fashe da dariya. Sai ya rufe lanƙwasar da yatsunsa, ya tsaya cak, ya ce yanzu za a fara. Abin da ya rage kawai ya riƙa buɗe ta kaɗan-kaɗan yana juya cokalin, ido ya ga kamar yanzu ne yake tanƙwarewa. Aikin ya ƙare tun kafin a zuba ido. Makulli kuwa, da ramin wani makullin ake danne bakinsa a lanƙwasa shi gefe. Ƙusa ana zuwa da tanƙwararriya ne a ɓoye a cuɗa ta cikin tsibin miƙaƙƙu, a riƙe ta yadda lanƙwasar ke fuskantar mai kallo, ba ya ganinta sai an mirgina.

Akwai kuma na 'yan kasuwa, kayan da ake saye a shirye. Wani ƙarfe da ake kira nitinol, haɗin nikel da titaniyam da aka gano a wani ɗakin bincike na sojan ruwan Amurka wajen 1960, yana komawa siffar da aka horar da shi a kai da zarar ya ji ɗumi. Likitocin haƙori na amfani da shi, masu dabo ma haka. Wani kuma galiyam, yana narkewa a zafin da bai kai digiri 30 ba, shi ya sa cokalinsa ke ɓacewa a kofin shayi. Wannan kam ba na ƙasarmu ba ne. A Goronyo cikin watan Afrilu, inda zafi ke haura digiri 40, a aljihu zai narke tun ba a kai dandali ba.

To, a nan ne bidiyo ke fara gaza wa ɗan koyo, domin an yi shi ne don wasu mutane a wani wuri.

Kyamara ido ɗaya gare ta, kuma inda aka ajiye ta nan take tsayawa. Mai koyarwa ya san inda take, duk abin da yake ɓoyewa yana bayan hannunsa ne daga wannan ɓangare kaɗai. Majalisarmu ba haka take ba. Wani na kan benci, wani na kishingiɗe a tabarma yana kallonka daga ƙasa, mai shayi na bayanka, yara uku sun leƙo ta ƙarƙashin hammatarka. 'Yan dabon kasuwa na da, waɗanda ake yi wa zobe ta kowace fuska, sun san wannan, shi ya sa kafin su fara sai sun ja layi a ƙasa, sun zaunar da yara, sun sa makaɗi da yaron da ke amsa musu magana, kowa da inda aka ajiye shi. Rabin sana'ar shirya mutane ne, kuma babu bidiyon da zai koya maka yadda ake zaunar da dattijon da ya ga dama ya tsaya a bayanka.

Sannan shi kansa cokalin. A Ingila cokali mai yatsu abu ne mai nauyi da kowa ke riƙewa sau uku a rana, ya san taurinsa a hannunsa. Mu da hannu muke cin tuwo, da ludayi muke shan fura, cokulan da ke kasuwanninmu kuwa yawancinsu sirara ne, yarinya ma na tanƙwara su wajen kankare ƙanzo. Ka lanƙwasa irin wannan a gaban manomin albasa na Wurno, wanda hannunsa ya yi kanta da fartanya, ba abin da zai ce sai "to, sai me?" Wasan tanƙwara kwabo da ya cika bidiyoyin nan ma bai da kasuwa, tunda tsabar da aka fitar a 2007 ta daɗe da ɓacewa daga hannun mutane, sai dai wanda ya samo dalar sefa ta wajen Illela. Abin da zai motsa mutumin nan shi ne abin da ya san taurinsa: ƙusa mai inci shida, makullin babur, guntun rodi.

Kuma mutanen wannan yanki sun san ƙarfe. Tun da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa Wurno ta zama ribaɗi, inda ya zauna har ya rasu a 1837, masu sana'a na cikin waɗanda ake zaunarwa a gari. A wasiƙarsa ga Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, wadda aka sani da Usulus Siyasa, ya lissafa maƙera cikin waɗanda ya wajaba shugaba ya kula da su. Yau ma noman rani da madatsar ruwa ta Goronyo ke ɗauke da shi a bakin gulbin Rima bai tafiya sai da maƙeri: lauje, galma, kwasa, gyaran abin da ya karye a injin ban ruwa.

Na taɓa zama a wata maƙera a ƙasar Wurno, wani saurayi ya shigo da cokalinsa zai nuna abin da ya koya. Ya yi kyau, ba laifi. Ya murza, kan cokalin ya yi lilo, ya faɗi kusa da uwar maƙera, yaron da ke zuga ya saki zuga-zugi ya buɗe baki. Tsohon maƙerin bai ce komai ba. Ya sa awartaki ya ɗauko guntun, ya kai shi bakin ƙofa wurin haske, ya duba bakin karayar, ya shafa da farce.

"Yaro, wanga ƙarhe ya gaji tun kahin ka zo nan," in ji shi.

"Baba, ya aka yi ka gane?"

Ya nuna masa. Ƙarfen da aka karya da lanƙwasa gaba da baya, bakinsa na da alama: gefe da gefe sun yi dishi-dishi inda tsagar ta riƙa ci a hankali, sai ɗan siririn wuri mai haske a tsakiya, wanda shi ne ya rabu a ƙarshe. Sannan ya ɗauko ƙusa biyu iri ɗaya. Ɗaya ya riga ya sa ta a wuta ta yi ja, ya bar ta ta huce a hankali cikin toka. Ya miƙa wa saurayin ya ce ya gwada. Wadda ta sha wuta ta ba da kai da sauƙi, ɗayar ta ƙi. Duk maƙeri ya san cewa ƙarfen wuƙa in aka tsoma shi a ruwa yana ja, tauri yake yi, in aka bar shi ya huce da kansa, laushi yake yi. Wuƙa biyu na iya fitowa daga hannu ɗaya, kamanninsu ɗaya, ɗaya ta yanke igiya, ɗaya ta naɗe.

Ba ina cewa na san abin da ke cikin layar kowane ɗan tauri ba ne, kuma ba na raina gadon gidan kowa. Abin da nake cewa, duk wanda ya ga wuƙa ta lanƙwashe yana da haƙƙin ya tambaya wa ya ƙera ta, kuma wa ya kawo ta fili.

Wannan tambaya ce ta kunyata mutumin da ya fi kowa suna a wannan fage. Uri Geller, haifaffen Tel Aviv a 1946, ya karaɗe gidajen talabijin na Turai da Amurka a farkon shekarun 1970 yana tanƙwara cokula da makullai, yana cewa da ƙarfin tunani yake yi. A 1973 aka gayyace shi shirin Johnny Carson a Amurka. Carson ya taɓa yin dabo a ƙuruciyarsa, sai ya nemi shawarar James Randi, wani mai dabo da ya sa kansa aikin tona masu da'awar ƙarya. Shawarar gajeriya ce: ku kawo kayanku, kada ku bar shi ko mutanensa su taɓa su kafin a fara. Geller ya zauna wajen minti 20 yana kewaye-kewaye, ya ce yau ba ya jin ƙarfi. Abin mamaki, wannan bai kashe masa kasuwa ba. Mutane da yawa suka ce ai da dabara ce da kullum za ta yi aiki, tunda ta ƙi yau, baiwa ce ta gaske. Mu ma mun san wannan hanyar kuɓuta. In maganin ƙarfe ya ƙi ci, wuƙa ta shiga, ba a cewa maganin ƙarya ne. Sai a ce ya karya sharaɗi, ko wani a cikin taron ya zo da makari.

Hausawa na cewa gani ya kori ji. A wannan sana'a sau da yawa ji ne ke jan gani. A 2005 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Ingila, Richard Wiseman da Emma Greening, suka nuna wa mutane bidiyon wani yana tanƙwara makulli da dabara, ya ajiye shi a tebur. Rabin mutanen sun ji shi yana cewa makullin na ci gaba da lanƙwashewa, rabin an cire musu wannan magana. Makullin bai motsa ba ko kaɗan. Amma cikin waɗanda suka ji maganar, kusan kashi 40 cikin 100 suka ce sun ga yana ci gaba, a ɗaya rukunin kuwa 'yan ƙalilan ne. Kalma ɗaya ta sa ido ya ga abin da bai faru ba. Ka tuna da wannan in ka ji mutum yana rantsuwa cewa da idonsa ya gani. Ba ƙarya yake yi ba, iyakar abin da ya gani yake faɗa. Ka ƙara da kiɗa, da kirari, da ƙura, da turereniya, da tsoron da ke kama mutum in an zare wuƙa kusa da shi.

Kada kuma wani ya ce wannan ruɗin na marasa boko ne. A 1979 attajiri James McDonnell ya ba da dala 500,000 aka buɗe ɗakin binciken irin waɗannan baiwoyi a Jami'ar Washington da ke St. Louis. Randi ya tura samari biyu, Steve Shaw da Michael Edwards, dukansu ba su kai shekara 20 ba, suka je a matsayin masu baiwa. Suka yi ta tanƙwara cokula a gaban masu bincike da dabarun da na bayyana a sama, har aka fara ɗaukar su da gaske, sai a 1983 aka fito fili aka faɗi gaskiya. Shi Shaw ɗin, wanda ya koma amfani da sunan Banachek, daga baya ya fitar da bidiyon koyar da tanƙwara cokula, kuma da yawa daga abin da ke yawo a wayoyin yaranmu daga irin wannan tushe ya gangaro. Bayan wannan, bai taɓa cewa aljani gare shi ba.

Masu mulki ma sun san amfanin abin. A 1856 gwamnatin Faransa ta tura mai dabo Robert-Houdin zuwa Aljeriya don ya nuna wa shugabannin ƙabilu cewa asirin Faransa ya fi na malamansu. Ya ajiye ƙaramin akwati mai gindin ƙarfe, ya kira ƙaƙƙarfa ya ɗaga, ya ɗaga. Ya ce yanzu na zare maka ƙarfi, mutumin ya yi ta nishi akwati ya ƙi motsi. Maganaɗisun lantarki ne a ƙarƙashin dandamalin. Da abin da yaro ɗan sakandare ke karantawa yau aka nemi karya zuciyar al'umma guda.

Iyaye da yawa za su ce duk wannan ji ne, amma ba haramun ba ne yaro ya koyi rufa-ido? Tambaya ce mai nauyi, kuma ba ni ne mai fatawa ba. Alƙur'ani ya ba da labarin matsafan Fir'auna da suka ruɗi idanun mutane da igiyoyi da sanduna, wasu masu tafsiri ma sun ce zaiba suka ɗura a ciki, zafi ya sa suka yi motsi. Imam Fakhruddin ar-Razi da ya kasa sihiri kashi-kashi ya sa saurin hannu da ɗauke ido a ciki, kuma akwai malamai da yawa da ke hana shi gaba ɗaya. Wanda malaminsa ya hana shi, ya bari. Amma a tarihinmu akwai wata hanyar. A ƙarni na 13 wani mutumin Dimashƙu, al-Jaubari, ya rubuta littafi sukutum yana tona dabarun 'yan damfara, masu da'awar annabci, masu cewa suna juya ƙarfe ya koma zinariya, da shaihunan ƙarya. Sanin yadda ake yi daban, yi don a cuci mutane daban.

A nan ne nake tsayawa da ƙarfi. Yaron da ya tanƙwara ƙusa ya ce "wannan dabara ce, ku gano ta in kun iya", wasa ya yi, ya kuma wa'azantar. Wanda ya tanƙwara ta ya ce "ina da abin da na sha, kawo dubu biyar in ba ka", ɓarawo ne, kuma a gabashin Sakkwato yana iya zama mai kisan kai. Shekarun nan da 'yan bindiga suka addabi Goronyo da Rabah da Isa da Sabon Birni, samari da yawa sun shiga aikin sa-kai don kare garuruwansu, kuma kasuwar masu sayar da maganin ƙarfe da na bindiga ta buɗe. Mai sayarwa ba zai ce ka yarda da bakinsa kawai ba, zai yi maka gwaji: wuƙarsa, a hannunsa, a inda ya zaɓa. Saurayin da ya taɓa gajiyar da cokali da hannunsa, ya ga yadda abokansa suka rantse ƙarfe ya narke, shi ne zai iya cewa a bari ya kawo tasa wuƙar daga gida, a gwada a jikin kabewa ko a jikin akuyar da aka rataya wa layar. Jaridun ƙasar nan sun sha kawo labarin wanda ya mutu wajen gwajin maganin bindiga. Yawancinsu ba wawaye ba ne, an nuna musu wani abu ne da ido, ba su da hanyar fassara shi.

Ga wanda zai koya, ga abin da bidiyon ba zai ce ba. Ka nisanci duk abin da ke da kaifi ko wuta: wuƙa a jiki, reza a baki, ƙusa a hanci. Ƙannenka na kallonka, kuma za su gwada in ba ka nan. Kada ka ɗauki cokulan gida, ka sayi dozin naka, masu ɗan kauri, domin rabinsu za su karye kafin hannunka ya gane daidai inda ake tsayawa da gajiyarwar. Bakin karyayyen cokali na yanka, ka tattara guntayen kada a taka. Ka jingina wayarka ta ɗauke ka daga gaba, sannan daga hagu, sannan daga ƙasa inda yaro zai zauna, ka kalli kanka ba sauti. Za ka ga kafaɗarka na ɗagawa daidai lokacin da kake danna ƙarfen, za ka ga idonka na sauka kan hannunka, kuma inda ka kalla nan kowa zai kalla. Gyaran waɗannan biyun kaɗai na cin watanni. Maganar da za ka riƙa yi kuwa kada ka kwaikwayi ta mai bidiyo, ka gina taka da harshen garinku, da barkwancin da ke sa mutane su dubi juna, don a wannan duban junan ne ake yin aikin. In ka ga ka ƙware, kafin ka kai shi majalisa ko wasan makaranta, ka fara kai shi maƙera, a tsaya maka ta baya da gefe, a kuma ba ka ƙusar da ba kai ka zo da ita ba.